Tauraron da Ba Shi da Gida

Ku 'yan matan da kuke taruwa a tsakar gidanmu bayan la'asar, na ji abin da ɗayarku ta faɗa ranar da kuka ga ina gyaran tsanin soro. Cewa ta yi wannan ai ba sana'a ba ce, ɗaga kai ne kawai, kuma tunda yanzu ana faɗa a rediyo cewa an saka mutum cikin kumbo ya zagaya duniya ya dawo da ransa, nan gaba kaɗan ba wanda zai nemi wata mace a Ƙofar Atiku ya tambaye ta labarin taurari. Wataƙila ta yi gaskiya a rabin maganarta na biyu. Rabin farko nake so in gyara, tun ina iya tuna komai yadda ya faru.

Sana'ar gidanmu lissafin taurari ce. Mahaifina, wanda duk unguwa ke kira Malam kawai, ya gaje ta daga nasa mahaifin. Ba duba ba ce, kuma wannan shi ne abu na farko da ake koya wa duk mai son shigarta. Ba ma gaya wa mutum wadda zai aura, ko ranar da arziki zai same shi. Na sha ganin Malam ya mayar wa baƙo goronsa a hannu saboda irin wannan tambaya. Aikinmu shi ne sanin inda shekara ta kai. Watan Musulunci zagayawa yake yi, azumi ya faɗo cikin ɗari, bayan wasu shekaru ya faɗo cikin bazara, don haka manomi ba zai iya shuka da shi ba. Taurari kuwa suna da gidaje, ashirin da takwas, bazara da nata, damina da nata, kaka da ɗari da nasu. Kowanne yana shigowa a lokacinsa, ya yi kwanakinsa, ya ba na bayansa wuri. Wanda ya san gidan da ake ciki ya san abin da ƙasa ta saba yi a wannan lokacin.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai soron kansa, da zankwaye biyu da ke kusurwoyinsa na gabas, waɗanda da su muke auna inda tauraro ya ɓullo. Akwai sandar giginya da ake kafawa a auna inuwa, da igiya, da ƙwarya biyu ƙanana masu ɗauke da tsakuwar gulbi. Akwai kundin kakanmu cikin gafaka, ganyayensa sun yi ja kamar an jiƙa su da ruwan goro. Sai wani ɗan lotsawa a tsakiyar rufin soron, daidai faɗin diddige biyu. Ba wanda ya fafe shi. Tsayuwar kakana ce da ta Malam ta cinye wurin. Idan ka goce daga nan da taki ɗaya, zankon zai nuna maka ƙarya.

Aikina na farko tsakuwa ce. Ina ƙarama, ban ma fara ɗaura zane da kyau ba, Malam ya ce kowace asuba bayan salla in ɗauki ɗaya daga wannan ƙwarya in jefa a waccan. Idan ta farko ta ƙare, tauraro ya fita, wani ya shiga. Amfaninta shi ne ranakun hadari, lokacin da sama ke rufewa mako guda ba ka ga komai ba. Wata rana cikin damina na bar ƙwaryoyin a ƙasa, kazar Inna ta hau ta kifar da su. Na tsaya a kansu ban san nawa ke nan nawa ke can ba. Malam ya zo ya duba, bai ɗaga murya ba. Yana kirana Inno, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce, “Inno, bar su nan. Kazar ƙasa ta ɓata, sai mu jira ta bisa ta gyara muna.” Muka yi kwanaki muna jiran gari ya washe, sannan ya hau ya duba ya mayar da kowace tsakuwa wurinta. Daga ranar na san cewa tsakuwa ce ke bin sama, ko da yaushe.

Kazar da yake nufi ita ce ƙungiyar ƙananan taurarin nan da kuke kira Kaza da 'ya'yanta, malamai kuma suna ce mata Surayya. A kanta na koyi kallo. Da yake ban kai tsawon Malam ba, sai ya kifa tsohon turmi a kan lotsawar nan ya ɗora ni, don idona ya zo daidai inda nasa yake. Ya koya mini kada in kalli fitila ko garwashi kafin in hau. Ya koya mini cewa Kaza ba ta son a zuba mata ido. Idan ka kalle ta kai tsaye sai ta narke kamar gishiri a ruwa, idan ka ɗan kau da ido gefe sai ta fito da 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Ya koya mini rarrabe mai ƙyaftawa da mai tsayayyen haske, da sanin Gamzaki da Zara, waɗanda ke yawo tsakanin gidaje amma a kan turbar da aka sani. Na yi damina uku a kan turmin nan kafin ya yarda in faɗi sunan tauraro a gabansa ba tare da ya fara faɗa ba.

Na tuna wani ƙaramin masallaci da za a gina a Unguwar Rogo. Magina sun riga sun ja layin harsashi, sun fuskanci inda rana ta fito musu a safiyar, alhali cikin ɗari ake, lokacin da rana ke karkata kudu. Mai unguwa bai natsu ba, ya aiko a kira Malam. Ni na riƙe igiya. Malam ya share wuri ya daidaita shi da tafin hannu, ya kafa sandar, ya zana da'ira, muka zauna a inuwar wata bishiyar bedi muna jiran kan inuwar ya taɓa zanen da hantsi, ya sake taɓa shi bayan azahar. Daga waɗannan ɗigo biyu ya fitar da gabas ta gaskiya, sannan ya karkata kaɗan zuwa arewa. Yini guda cur don layi ɗaya. Babban maginin ya yi ta mita cewa ƙasarsa da ya kwaɓa tana bushewa. Da aka gama shi ne ya fara cire hula ya share gumi ya ce a sake haƙa. Har yau ana salla a wurin, kuma ba wanda ya san an taɓa jan wani layi kafin wannan.

Masu zuwa zaurenmu iri-iri ne. Fatake masu nufin arewa suna tambayar yaushe zafi zai karye. Masunta na gulbin Rima suna tambayar lokacin da ruwa ya saba janyewa. Makiyaya sukan tsaya a bakin ƙofa ba su shigo ba, su yi tambaya ɗaya su bar ƙwaryar nono. Amma manoma su ne ƙashin bayan sana'ar. Ba a yanka musu farashi. Da kaka kowane ƙauye yakan aiko da abin da ya sawwaƙa, damin gero ko na dawa, da shi muke ci har wata kakar. Babba a cikinsu shi ne Sarkin Noma Arzika, daga wani ƙauye da ke bayan Wamakko, dogon mutum mai ƙarancin magana. Duk ƙarshen bazara yakan zo a kan jakinsa, ya tsuguna, ya kwance bakin rawaninsa ya nuna wa Malam 'yan ƙwayoyin irin da ya tanada, ya ce, “Malam, mu zuba ko mu dakata?” Abin da aka gaya masa shi ƙauyensa duka ke bi, don ya tsaya musu a kan cewa maganar gidanmu ba ta tashi.

Amsar tana rataye ne da Kaza. A ƙarshen bazara takan ɓuya cikin hasken rana, a daina ganinta. Ruwan da ya sauka tana ɓoye sau da yawa mayaudari ne: ya jiƙa ƙasa, iri ya tsiro, sannan ya ɗauke, rana ta ƙone tsiron, talaka ya rasa irin da ba shi da wani. Idan ta sake leƙowa daga gabas kafin fitowar alfijir sosai, to bisa al'ada damina ta zauna. Malam bai taɓa cewa ruwa zai zo ba. Kullum cewa yake yi, “Ga abin da anka saba gani, Allah shi ne masani.” Sai dai mai tambaya yakan ɗauki rabin farko ya tafi da shi, ya bar mana rabin na biyu a zaure.

Ina zuwa makarantar 'yan mata da safe a shekarun da dundumi ya kama Malam. Da rana yana ganin mutane, yana gane fuska, yana karanta manyan baƙaƙe. Da zarar rana ta faɗi sai duniya ta rufe masa. An gasa masa hanta, an kawo tozali daga wurare da dama, bai yi amfani ba. Yayyena maza biyu sun riga sun bi fatauci, ba mai sha'awar soro. Ba a yi wata shawara ba. Wata asuba kawai ya tsaya a gindin tsani ya ce in hau. Na hau, na sa diddigena inda nasa ke zama, na faɗa masa abin da ke bisa zankon dama da abin da ke ƙasa da na hagu. Yana zaune da tazbaharsa yana yi mini tambayoyi, ya juya tambaya ɗaya ta fuska uku don ya tabbata ba abin da nake so in gani nake faɗa ba. Da hantsi ya fita zaure ya ba mutane amsa. Lissafin nasa ne, idon nawa ne. Ba mu taɓa cewa a ɓoye ba, ba mu kuma taɓa faɗa ba. Shekaru suka wuce a haka.

Sai shekarar da aka ce mutanen Rasha sun harba tauraro. Bayan an gama girbi ne. Maƙwabcinmu Alhaji Modi, ɗan kasuwar hatsi, shi ke da rediyo a layinmu, kuma shi ya shigo da labarin zaure da sassafe ko gaisawa bai gama ba. Kwana da kwanaki ba a yi wata hira a Sakkwato ba sai wannan. Wasu malamai suka ce ƙarya ce, sama rufi ce tsararre, duk abin da ya nufe ta za a jefe shi da wuta kamar yadda ake jifan aljanu masu satar ji. Wasu suka ce ai ko ƙasan saman farko bai kai ba, tsuntsu ne na ƙarfe da ya fi sauran tashi. Da aka ce na biyun har da kare a cikinsa, wani tsoho ya tambaya da gaske ko sallar da aka yi yana wucewa bisa kai tana bukatar a sake ta. Aka yi dariya, amma ba kowa ya yi ba.

Na gan shi bayan magariba, sama ba ta gama duhu ba. Ɗigon haske ne, ba ya ƙyaftawa, yana tafiya a natse kamar mai ɗauke da fitila a kan wata doguwar gada da ba a gani. Ya ratsa tsakanin taurari bai tsaya wurin kowa ba, kafin ya kai ƙarshen sama ya dushe. Daga gidajen maƙwabta ina jin mata suna salati. A makaranta malamarmu ta taɓa ɗaura dutse a zare ta wulwula shi kamar majajjawa don ta nuna mana yadda wata ke zagaya duniya, don haka na ɗan fahimci abin da ake nufi. Na sauko na faɗa wa Malam. Ya tambaye ni ta ina ya fito, ta ina ya ɓace, wane ya kusanta. Ya ce in ci gaba da lura, in kuma riƙa duba masu gida bayan wucewarsa, ko akwai wanda ya gusa. Na yi ta dubawa har ɗari ya fita. Ba wanda ya gusa.

Daminar da ta biyo baya ita ce muguwar shekararmu. Ruwa ya sauka da wuri, mai yawa, Kaza tana ɓoye. Washegari Sarkin Noma Arzika ya iso, ƙafafun jakinsa duk laka. Ya ce ƙauyukan da ke kewaye da su sun fita da sungumi tun da asuba, samarinsa suna ta ƙorafi, shi ya hana su. Malam ya ce masa abin da kakana zai ce, abin da ni ma zan ce yau: wannan ruwan ɓuyar Kaza ne, an saba ganin yana ɗaukewa, a dakata. Suka dakata. Ruwan bai ɗauke ba. Ya yi ta zuwa a kan kari, gonakin maƙwabta suka yi kore shar, su suna zaune suna kallo. Da Kaza ta fito na faɗa, aka aika musu, suka shuka. Geron ya tashi da kyau. Yana cikin bununi, daidai lokacin da ya fi bukatar ruwa, sama ta bushe, ba ta ƙara zubo ko ɗigo ba. Waɗanda suka riga shuka suka cika rumbu. Mutanen Arzika suka yanke zangarniya marar ƙwaya.

Bayan girbi ya zo da dattawa biyu na ƙauyensu, Alhaji Modi ya shigo tare da su. Ina cikin ɗan ɗakin da ke bayan zaure, asabari ne kawai tsakaninmu, na kawo ruwan sha ban kai ga komawa ba. Aka daɗe ana gaisuwa. Arzika bai kawo ƙara ba. Ya ce kawai mutanensa suna maganar karɓe sarautar noma daga hannunsa, kuma ya zo ya ji abin da zai koma ya faɗa musu.

Alhaji Modi ya gyara zama ya ce, “Malam, abin ga mai sauƙi na. Magana guda za ka yi. Ka ce tamraron da Turawa sunka harba ya shiga cikin tamrari ya dagula lissahi. Kowa ya ji shi ga rediyo, kowa ya gan shi da ido. Sarkin Noma ya koma gida da abin hwaɗi, kai ka tsira da mutuncinka, Rasha kuwa ba su zuwa Wamakko su ƙaryata ka.”

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, “Mu ma haka munka yi zato. Tunda munka tashi ba mu taɓa ganin tamraro na tahiya da ƙahwa ba. In Malam ya hwaɗi haka, kowa na yarda.”

Malam ya ajiye tazbaharsa. Sannan ya ce, “Ni ban gan shi ba.”

Alhaji ya yi dariya. “Haba Malam. Abin da har makahi sunka sha labari.”

“To ni ɗaya na cikinsu in rana ta hwaɗi. Dundumi gare ni, Alhaji, ya daɗe. Ba ni shaidar abin da ban gani ba. Wadda ta gan shi tana bayan asabarin ga, ita ka hawa soro tun shekarun da kuka ganin ina ba ku amsa.” Ya ɗan juyo da kai. “Inno, kina nan?”

Na ce ina nan.

“Abin da kinka gani, tamraro na?”

Na san abin da kowa a zauren yake so in ce, na kuma san rumbunmu da na Arzika duka suna cikin amsar. Amma tambayar da ya yi mini ita ce irin wadda ya saba yi a gindin tsani, kuma hanya ɗaya kawai aka koya mini ta amsa ta. Na ce, “Baba, tamraro gida gare shi. Wanga ba shi da gida. Wucewa ya yi, bai taɓa kowa ba. Na duba Kaza bayan wucewarsa, ita da ɗiyanta suna inda suke, kuma ta hito ranar da tsakuwa ta ce.”

“To lissahin hwa?”

“Lissahi daidai yake. Ruwa na bai bi shi ba.”

Malam ya ce, “Kun ji. Sarkin Noma, na ba ka abin da anka saba gani, bana Allah ya yi wanda ba a saba ba. Ni na ce ka dakata. In za ka hwaɗa musu wani abu, hwaɗa musu wannan, ka kama sunana.”

Alhaji Modi ya miƙe yana kaɗe riga. “An ba ka tsani ka hita rami, ka ce sai ka ga wanda ya sassaƙa shi. Allah ya ba da haƙuri.”

Arzika ya gyara rawaninsa. Da ya yi magana, ba da faɗa ya yi ba, kuma ba da ni yake ba. Ya ce, “Ashe geron gari guda ga idon ɗiya mace ya rataya, ban sani ba.” Ya yi sallama yadda ya kamata, ya fita. Ruwan da na kawo ba wanda ya sha.

Kafin Juma'a ta zagayo labari ya gama kasuwa. Ba a damu da maganar ƙarfen Rasha ba. Abin da aka riƙe shi ne mai lissafin taurarin Ƙofar Atiku ba ya ganin taurari. A wannan kaka ba dami ko ɗaya da ya shigo gidanmu, har daga ƙauyukan da suka yi girbi mai kyau. Magina suka koma wurin wani. Fatake suka riƙa wucewa ta ƙofar zaure suna gaisuwa daga nesa. Muka ji an karɓe sarautar noma daga Arzika an ba ƙanensa, samarin ƙauyen da yawa kuma sun tafi cin rani tun kafin lokaci. Inna ta koma kaɗi, ni na kama ɗinkin hula, Malam ya riƙa karantar da 'yan littattafai ga wanda ya zo. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Duk da haka kowace asuba yakan tsaya a gindin tsani, ni in hau, in jefa tsakuwa. Na taɓa tambayarsa don wa muke yi. Ya ce idan aka bar lissafi ya yanke, ranar da aka zo nema ba a samunsa a kasuwa.

Ku kun san gidan nan ne bayan an yi bikin samun mulkin kai, kun tarar mata suna hawa da sauka a tsaninmu da duhun asuba, kuna tsammanin haka abin yake tun asali. Ga yadda ya fara.

Ƙarshen bazarar da ta biyo, an yi ruwa biyu, ba wanda ya zo zaure. Ran nan da la'asar sai ga wata dattijuwa ta yi sallama ta shigo har tsakar gida, ƙafafunta fari fat da ƙurar hanya. Ta ce sunanta Tumba, uwargidan Arzika ce. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, aka kawo fura. Ta sha, ta huta, sannan ta kwance bakin zanenta. 'Yan ƙwayoyin gero ne, ba su cika tafin jariri ba.

Ta ce, “Ba wurin Malam na zo ba. Ke ta mai idon?”

Na ce ni ce. Na tambaye ta ko mijinta ne ya aiko ta.

“Bai aiko ni ba. Ya ce shi da ƙohwar gidan ga har abada.” Ta ɗan taɓe baki. “Amma shi ya ɗaura wa jaki akumari.”

Ta ce irin da ya rage musu ke nan da ɗan abin da ke cikin tulu a gida, rance ne daga danginta, idan ya ƙone ba wani. Na shiga na faɗa wa Malam. Ya ce tsakuwa ta nuna Kaza za ta fito gobe ko jibi, amma ni aka tambaya, ni zan amsa. Na dawo na ce mata ba zan gaya mata komai ba yau. Ta kwana, gobe mu hau tare. Namiji baƙo ba ya shiga cikin gida balle ya hau soro ya leƙa gidajen mutane, shi ya sa duk shekarun nan manoma ke karɓar magana a zaure ba su ga komai ba. Ita kuwa ba abin da ya hana ta.

Da asuba muka yi salla, na hana ta kallon murhu. Ta hau tsanin a hankali tana kiran sunan Allah a kowane mataki. Gari ya yi tsit, iska mai ɗan sanyi tana tasowa daga wajen gulbi, gabas ta fara yin fari kaɗan daga ƙasa. Na kama kafaɗunta na tsayar da ita a kan lotsawar, na nuna mata zankon hagu, na ce ta ɗaga ido kamar tsawon hannu daga kansa. Ta ce ba ta ga komai ba. Na ce kada ta kalli wurin, ta kalli gefensa. Ta kau da ido gefe. Can sai na ji numfashinta ya sauya.

Ta ce, “Ga ta. Ga ɗiyan nata, sun taru wuri guda kamar masu jin sanyi.”

Na ce, “Ita ce. Jiya ba ta nan.”

“To ruwa hwa, ɗiyata? Zai zauna?”

“Ban sani ba, Inna. An saba ganin yana zama. Bara ma ta hito, kin ga abin da ya biyo baya. Kaza kaɗai na sani.”

Ta jinjina kai, ta laluba bakin zanenta ta ƙara ɗaure ƙullin irin. Har ta juya za ta nufi tsani, sai ta tsaya. “In ya tambaye ni wa ya ce, in ce wa? Malam, ko ke?”

Na ce, “Ki ce ke kinka gani.”

Ta dawo da baya, ta nemi wurin da diddigenta da kanta, ta sake ɗaga kai, ta tsaya tana dubawa har haske ya shanye su.